Otal ko Gidan Haya na Ɗan Lokaci: Ina Ya Kamata Matafiyi Ya Sauka?

Shekaru goma da suka wuce, idan matafiyi ya ce zai bar otal ya kama gida ta Airbnb, manhajar da masu gida ke ba matafiya hayar ɗan lokaci ta cikinta, saboda araha, ba wanda zai ja da shi. Yau maganar ta canza. Kuɗin gidajen ya tashi, manyan birane sun kafa musu dokoki masu tsauri, su kuma kamfanonin otal sun shiga gina ɗakuna masu kicin da wurin wanki don su dawo da baƙin da suka guje musu. Duk mai shirin tafiya yanzu, ko ta aiki ce ko jinya ko karatu ko hutu da iyali, ya kamata ya zauna ya sake auna zaɓin nan tun daga tushe, kada ya dogara da labarin da ya ji tun kafin annobar korona.

Annobar ce ta motsa komai. Alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2019 an yi tafiye-tafiyen ƙetare iyaka kusan biliyan 1.5, a 2020 adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, sai a 2024 ya farfaɗo ya kai wajen biliyan 1.4. A tsakanin nan otal-otal da yawa sun rasa ma'aikatansu, wasu ba su dawo ba har yau, shi ya sa a wurare da dama aka daina gyaran ɗaki kullum sai baƙo ya nema. Su kuwa gidajen haya kasuwarsu ta buɗe, domin mutane sun gano suna iya yin aikin ofis daga ko'ina muddin akwai intanet, sai suka fara zama mako biyu ko wata guda a wurin da a da kwana uku za su yi. Ƙasashe irin su Estoniya a 2020, Fotugal a 2022 da Sifaniya a 2023 har biza ta musamman suka ƙirƙiro wa masu aiki daga nesa. Airbnb, wanda samari uku suka kafa a San Francisco a 2008 bayan biyu daga cikinsu sun taɓa ba da hayar katifun iska a falonsu, ya zama babban kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa tun Disamban 2020.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne hankalin kowa yake fara zuwa, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Farashin dare ɗaya da ake gani a shafin farko bai isa a yanke hukunci da shi ba. Gidan haya yawanci yana da kuɗin shara wanda ake biya sau ɗaya, ko dare ɗaya ka yi ko ashirin, ga kuma ladan kamfanin da ya haɗa ka da mai gida. A ce, don misali kawai, gida dala 100 ne a dare, kuɗin shara dala 90, otal ɗin da ke kusa da shi kuma dala 130. Mai kwana biyu zai biya 290 a gidan, 260 a otal, ka ga otal ya fi masa sauƙi tun ba a sa ladan kamfani ba. Mai kwana goma zai biya 1,090 a gidan, 1,300 a otal. Gida ɗaya ne, otal ɗaya ne, yawan kwanakin ne ya juya lissafin. Haka ma yawan mutane: ɗakin otal na mutum biyu ne, a wasu ƙasashen Turai ma ba za a yarda a cusa na uku ba sai an ƙara kuɗi ko an kama wani ɗakin. Iyali mai mutum shida sai ya kama ɗaki biyu ko uku, alhali gida mai ɗakuna uku da falo zai ɗauke su duka a farashin da bai kai haka ba. Masu gidaje da yawa kuma suna rage kuɗi ga mai kama mako ko wata.

Kada a ɗauka otal ba shi da nasa ɓoyayyen cajin. A Amurka, musamman a Las Vegas, an daɗe ana ƙara wa baƙi wani kuɗi na dole kowane dare da sunan amfani da wurin iyo da ɗakin motsa jiki da intanet, ko baƙon ya taka wajen ko bai taka ba. Ga kuɗin ajiye mota a tsakiyar birni, ga karin kumallo da ba ya cikin farashi, ga kuɗin jingina da ake riƙewa a katin banki har sai an fita, wani lokaci ya ɗauki kwanaki kafin a sake shi. Abin ya ishi jama'a har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayyar Amurka ta fitar da doka, wadda ta fara aiki a Mayun 2025, da ta tilasta wa otal-otal da gidajen haya su nuna cikakken farashi tun farko. Airbnb ma a 2025 ya fara nuna jimillar kuɗi, ban da haraji, ga masu nema a duk duniya. An samu ci gaba, amma harajin baƙi da birane ke karɓa na iya ɓoyewa har shafin ƙarshe, kuma ba ƙarami ba ne: Amstadam ta kai nata kashi 12.5 cikin ɗari a 2024. Don haka a bi kowanne har shafin biyan kuɗi, a rubuta adadin ƙarshe, sannan a kwatanta.

Akwai wata riba da ake yawan lissafa wa gida, wato kicin. Gaskiya ne, iyali mai yara da ke dafa abincinsa zai rage kashe kuɗi sosai, kuma ga wanda likita ya ƙayyade wa abinci, ko wanda ke da abin da ba ya ci, kicin ya wuce maganar araha, ya zama larura. Amma mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah ko zai yi girkin. Wanda zai wuni a taro ya dawo a gajiye da daddare ba zai je kasuwa ya sayo mai da gishiri don kwana uku ba. Irin wannan ya biya kuɗin kicin ne kawai bai mora ba.

Duk wannan lissafi ne da kowa zai iya yi da biro da takarda. Abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai shi ne tambayar da ba ta fitowa a shafin farashi: idan abu ya ɓaci, wa zai tashi ya gyara, kuma da ƙarfe nawa?

Ka ɗauka jirgi ya yi latti, ka sauka ƙarfe ɗaya na dare a garin da ba ka jin yarensu. Cajin wayarka ya kusa ƙarewa, layinka bai kama ba. Mai gida ya turo maka saƙo tun da rana cewa makulli na cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke maƙale a jikin ƙofar waje, ga lambobi huɗu da za ka juya. Ka juya, akwatin ya ƙi buɗewa, ko dai an canza lambar bayan baƙon jiya ko kuma tsatsa ta kama shi. Ka kira mai gida, yana barci, ko ma yana wata ƙasa. Kana tsaye a bakin titi da akwatuna da yaro a kafaɗa. Kamfanin zai amsa kiranka, zai iya mayar maka da kuɗi, zai iya taimaka maka neman wani wuri, amma ba shi da mutum a unguwar da zai zo ya buɗe ƙofar a daren. A otal kuwa akwai wanda aka biya don ya zauna a farke a teburin karɓar baƙi. Idan katin ɗaki ya ƙi aiki, a minti biyu zai ba ka wani. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ko ruwan zafi ya ɗauke, akwai ɗakuna da yawa a ginin, sai a sauya maka. Mai gida ɗaya ba shi da na biyu da zai kai ka. Wani kaso na kuɗin otal, wannan mutumin da ke farke kake biya, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa ga duk wanda zai iso da dare ko ya fara zuwa garin.

Haka batun soke masauki. Mai gida na iya soke maka kwana kaɗan kafin tafiya. Kamfanin zai hukunta shi ya kuma dawo maka da kuɗinka, amma idan lokacin babban taro ne ko gasar wasanni, sauran wuraren duk sun cika ko farashinsu ya ninka, kuɗin da aka dawo maka ba zai kama maka irin wancan ba. Otal ma yakan sayar da ɗakuna fiye da waɗanda yake da su, yana sa ran wasu ba za su zo ba. Bambancin shi ne a manyan otal-otal al'adar sana'ar ita ce su nemo maka ɗaki a wani otal su kuma kai ka. Ba daɗi, amma ba a bar ka a waje ba. Wanda ya zaɓi gida ya riƙe wannan: a Airbnb ana ba baƙo awa 72 daga lokacin da ya ga matsala ya kai ƙara, kuma hoto ko bidiyo ne hujjarsa. Da shigarka ka ɗauki hoton duk abin da ya saɓa wa talla, ka kuma yi duk wata magana da mai gida a cikin manhajar, domin abin da aka faɗa a wani wuri kamfanin ba zai gani ba.

Sai ƙananan abubuwa da ke taruwa su zama babba. Otal zai ajiye maka kaya idan ka iso da safe kafin lokacin shiga, ko idan jirginka na dare ne bayan ka fita daga ɗaki. A gida sau da yawa sai ka yi ta jan akwati a gari. Tsofaffin gine-ginen Turai da yawa ba su da lif, hawa huɗu da ƙafa ga tsoho ko mai ciwon gwiwa ba wasa ba ne. Wasu masu gida kuma sukan bar jerin ayyuka kafin fita, a wanke kwanuka, a cire zanen gado, a fitar da shara, bayan an riga an biya kuɗin shara, abin da ya jawo wa kamfanin ƙorafi mai yawa.

Ta fuskar tsaro, otal mai lasisi yana ƙarƙashin binciken hukumar kashe gobara: ƙararrawa, ƙofofin fita na gaggawa, taswirar hanyar tsira a bayan ƙofar ɗaki. Gidan haya ya danganta da mai shi da dokar garin. Shafin tallan gida yakan nuna ko akwai na'urar gano hayaƙi da ta gano iskar nan mai guba marar wari da ke fita daga na'urar ɗumama ɗaki ko ta dafa ruwa idan ta lalace. Wannan layin ya fi hoton falo muhimmanci, musamman a ƙasashe masu sanyi inda ake rufe tagogi ruf. Batun kyamara ma ya daɗe yana damun baƙi, har Airbnb ya haramta duk wata kyamarar tsaro a cikin gida daga ƙarshen Afrilun 2024. A ɗaya ɓangaren, gida yana ba da sirrin da otal ba zai bayar ba. Iyali su zauna a falo ɗaya, yara su yi barci a ɗakinsu manya na hira, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa da safe, ba a raba miji da mata da yara a hawa daban-daban. Wanda ya taɓa zama mako biyu da ƙananan yara a ɗakin otal ɗaya ya san darajar wannan.

Abin da ya fi sauyawa a 'yan shekarun nan shi ne doka, kuma yawancin matafiya ba sa bin diddiginta. Tun Satumban 2023 birnin Niyok ya fara aiwatar da dokar da ta ce duk hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai mai gida ya yi rajista, yana zaune a gidan tare da baƙi, kuma baƙin ba su wuce biyu ba. A taƙaice, kama gida sukutum na mako guda a can ya zama abu mai wuya ta halattacciyar hanya. A Yunin 2024 magajin garin Basalona ta Sifaniya, Jaume Collboni, ya sanar cewa lasisin gidajen baƙi kusan 10,000 na birnin zai ƙare zuwa Nuwamban 2028 ba sabuntawa. A Mayun 2025 gwamnatin Sifaniya ta umarci Airbnb ya sauke tallace-tallace fiye da 65,000 da ta ce sun karya ƙa'ida. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga gida sukutum, Amstadam ta sa dare 30 a 2019, Japan kwana 180 tun dokarta ta 2018, Faris kuma ta rage nata daga 120 zuwa 90 a 2025.

Ina ruwan baƙo da wannan? Ruwansa shi ne gidan da ba ya kan ƙa'ida ana iya sauke tallansa bayan ka biya, ka wayi gari ba masauki. A biranen da ke buƙatar rajista, a nemi lambar rajistar a shafin talla. Idan mai gida ya ce maka, "In maƙwabta sun tambaya, ka ce kai ɗan'uwana ne," to ya riga ya gaya maka gidan ba shi da izini. Idan ya ce ka biya shi kai tsaye ta banki zai rage maka, ka ƙi, domin da zarar kuɗi ya bi ta wajen manhaja ba ka da kariya, kuma ta nan 'yan damfara suka fi cin kasuwa. Mai neman biza kuma yana da wani dalilin: ofisoshin jakadanci na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna neman shaidar masauki, otal-otal da yawa kuwa suna ba da damar kama ɗaki a soke kyauta har kwana ɗaya ko biyu kafin zuwa. Idan ba a ba da bizar ba, ba a yi asara ba. Sharuɗɗan soke gida sun bambanta daga mai gida zuwa mai gida, wasu masu tsauri ne ƙwarai.

Ba don ƙeta biranen suka kafa dokokin nan ba, kuma wannan ɓangaren yana damuna. Duk gidan da aka mayar masaukin baƙi na dindindin a unguwar da gidaje suka yi ƙaranci, wani iyali ne ya rasa wurin zama. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da aka haifa a unguwa sukan koma bayan gari saboda mai gida ya ga abin da baƙi ke biya a mako ya kusa na ɗan haya a wata. Shi ya fitar da dubban mutane kan titi a tsibiran Kanari na Sifaniya a Afrilun 2024, shi ne kuma ya sa masu zanga-zanga a Basalona suka riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa a Yulin shekarar. Ba na wanke otal-otal. Ribar manyansu sau da yawa tana barin garin, kuma matan da ke gyaran ɗakuna suna cikin waɗanda aka fi jibga wa aiki a kan albashi kaɗan. Akwai kuma bambanci babba tsakanin dattijuwar da ke ba da hayar ɗaki ɗaya a gidanta don ta riƙe kanta, da kamfanin da ya saye gidaje hamsin a unguwa guda. Danna sunan mai gida zai nuna maka gidaje nawa yake tallatawa. A ƙauye ko ƙaramin garin da babu otal, gidan haya alheri ne ga kowa. A tsakiyar birnin da mazauna ke kukan haya, ni dai na fi son baƙo ya sauka a wurin da aka gina don baƙi.

Wurin nan kuwa ba lallai ya zama ɗakin otal na gargajiya ba, domin tsakanin zaɓin biyu akwai na uku da ke bunƙasa, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da shi. Otal-otal ne na dogon zama, inda kowane ɗaki ke da ƙaramin kicin, firji, wurin zama, a ginin kuma akwai injin wanki da teburin karɓar baƙi. Cikin manyan kamfanonin otal, Marriott na da Residence Inn, Hilton na da Homewood Suites, IHG na da Staybridge Suites, a Turai akwai Adagio. Iyakar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ma tana gogewa: kamfanin otal na Accor ya sayi kamfanin hayar gidajen alfarma onefinestay a 2016, Marriott ya buɗe sashen hayar gidaje a 2019, Airbnb ya sayi manhajar kama ɗakin otal ta HotelTonight a shekarar, Booking.com kuma yana jera otal da gida a shafi ɗaya. Irin wannan masauki bai kai gida faɗi ba, ba ya kuma cika samuwa a tsofaffin unguwanni masu tarihi, amma yana haɗa kicin da mutumin da ke farke da dare, yana da lasisi, yana ba da rasit ɗin da ofis zai karɓa. Ga mai jinya da zai yi makonni kusa da asibiti tare da mai kula da shi, ban ga abin da ya fi shi ba. Mai yawan tafiyar aiki kuma yana tara maki a tsare-tsare irin su Marriott Bonvoy ko Hilton Honors, waɗanda ke zama kwana kyauta ko ƙarin lokacin fita.

Idan aka tambaye ni kai tsaye: mutum ɗaya ko biyu, kwana uku zuwa ƙasa, isowar dare, garin da ba a sani ba, tafiyar da jinkirin awa biyu zai ɓata ta, otal. Mutum huɗu zuwa sama, mako guda ko fiye, garin da doka ta yarda, isowar rana, gida. Abin da ya faɗa tsakani, a fara duba otal na dogon zama.

Wanda ya tsaya a kan gida, ya karanta sharhin baƙi da ido biyu. A Airbnb baƙo na yi wa mai gida sharhi, mai gida ma na yi wa baƙo, don haka mutane sukan sassauta harshe, kusan kowane gida sai ka gan shi da maki mai yawa. A bar makin, a karanta sharhin watanni shida na baya-bayan nan, a nemi abin da mutum biyu ko uku suka maimaita ko da a sakaye. "Unguwa ce mai rai" na iya nufin hayaniya har asuba. "Ya dace da masu kaya kaɗan" na iya nufin matakala mai tsawo. Idan hotuna ashirin ne amma ba na banɗaki ko na abin da taga ke kallo, a tambayi dalili. Kafin biya kuma a aika wa mai gida gajeren saƙo: hawa na nawa ne, akwai lif, yaya ake karɓar makulli idan jirgi ya yi latti, wa za a kira da dare kuma yana nesa ko kusa, mene ne ƙarfin intanet idan aiki za a yi. Wanda ya amsa cikin 'yan awanni, ya amsa kowace tambaya dalla-dalla, a kama gidansa. Wanda ya kwana biyu bai ce uffan ba tun kuɗinka bai shiga hannunsa ba, a nemi wani.